Zaren roba da wuta: ina laushi ya tsaya, ina narkewa ta soma?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu saƙa kujerun fada a bakin titin Yamai ya san yadda aikin ke ƙarewa. Mai saƙar zai ja zaren roba na ƙarshe, ya ɗaure shi a ƙarƙashin ƙarfen kujerar, ya yanke da reza, sannan ya laluba aljihu ya fito da ashana ko birike. Ya ɗan lasa wa bakin zaren wuta, ya jiƙa yatsa da miyau ya danne. Bakin ya dunƙule ke nan, ba zai ƙara warwarewa ba. Wannan ɗan lashin wutar da bai kai daƙiƙa biyu ba, shi ke riƙe da aikin yini guda.

Yanzu kuma wani sabon aikin zaren roba ya shigo hannun ƴaƴanmu. Alƙalamin 3D ake ce wa abin. Ya yi kama da biro mai kauri, ana zura masa zaren roba ta gindi, ya narka shi, ya fito da shi ta baki, robar ta sandare a iska cikin ƴan daƙiƙu. Wanda ya fara yin suna a duniya shi ne 3Doodler a 2013, daga baya irinsa masu arha suka cika kasuwa, kuma yawancinsu zare mai kaurin milimita 1.75 suke ci. Ɗiyar yayata ta samu ɗaya. Da shi take zana ƴan kunne da awarwaro da maƙalan makulli, wasu da siffar sarƙar Agadas ko ta Tawa irin wadda maƙeran azurfa ke yi. Hannunta na da kyau ƙwarai.

A watan Afrilu na ɗauki kayanta cikin tire don in nuna wa wani mai shago a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Na ajiye mota a rana, na shiga sallar azahar, na ɗan zauna gaisuwa. Da na dawo, ƴan kunnen da ke miƙe sun lanƙwashe kamar ganyen da ya yi yaushi, awarwaro biyu sun manne da juna. Da ta gani sai ta ce, "Kawu, wuta ka sa musu?" Na ce mata ko taɓa su ban yi ba. Da yamma muka ce bari mu miƙar da su a oben ɗin gaz na gida, wanda a nan muke ce wa fur. Minti biyar bai cika ba suka zama malala a kan faranti, warin kuma ya kwana biyu bai bar madafar ba. Aikin mako uku ya tafi a yini ɗaya, yarinya ta kwana da hawaye. Daga ranar na sa kaina neman sanin abin da zafi ke yi wa roba, shi ne nake son in warware a nan.

Abu na farko, roba ba abu ɗaya ba ce. Mu ne muka haɗa su a suna ɗaya, amma robar gorar ruwa daban, ta buhu daban, ta tiyo daban, kamar yadda dalma da tama duk ƙarfe ne amma ba wuta ɗaya ke narka su ba. A cikin kowace roba akwai dogayen sarƙoƙi da ido ba ya gani, sun cuɗe da juna kamar taliyar da ta huce a kwano. Idan da sanyi, sarƙoƙin a ƙame suke. Idan zafi ya kai wani mataki sai su fara motsi, robar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata a hannun baduku: tana lanƙwasuwa, amma ba ta gudu. Idan aka ƙara wuta sai ta narke ta kwarara kamar zuma. Aka ƙara kuma, sai sarƙoƙin su fara tsinkewa, ta yi ƙauri, ta yi hayaƙi. Ƙofa uku ke nan: laushi, narkewa, ƙonewa. Duk wani aikin gamawa da zafi, ko miƙarwa ne, ko liƙi, ko sa sheƙi, zaɓi ne na ƙofar da za a tsaya. Ta ukun kuwa ba wanda ke da aiki a cikinta.

Zaren da aka fi sayarwa tare da alƙalamin shi ne PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko sukarin rake. Yana laushi tun daga wajen digiri 60, yana narkewa tsakanin 150 da 180, alƙalamin kuma kan fitar da shi a 190 zuwa 220. A riƙe wannan 60 ɗin, don shi ne tushen matsalarmu. Mutumin Faransa ko Jamus bai cika damuwa da shi ba, amma mu a Yamai da Tawa zafin inuwa kan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya kan haura 60, musamman gaban direba ƙarƙashin gilashi. Kayan da aka baza a tire a bakin kasuwa ma, in baƙaƙe ne ko masu duhun launi, suna shan rana fiye da farare. Ashe abin da ya same mu ba sakaci ba ne kawai, halin robar ne ya haɗu da halin ƙasarmu.

Wani zaren mai suna ABS ya fi juriya. Sai zafi ya kai wajen 105 yake fara laushi, kuma alƙalami na buƙatar 220 zuwa 250 kafin ya fitar da shi. Sai dai yana da wari, tururin da yake saki ya ƙunshi wani sinadari mai suna sitirin da ba a so ana shaƙa. PETG na tsakiya, laushinsa wajen 80. Akwai kuma PCL na alƙaluman ƙananan yara, wanda ke narkewa ɗungurungum a digiri 60. Wannan don wasa a ɗaki ya yi, amma kada a yi kayan sayarwa da shi a nan, ba zai ga ƙarshen bazara ba.

Wanda ke sayen zare a naɗe yana da sa'a, sunan robar na rubuce a jikin kwalin. Masu aiki da abin da suka tsinta su ne ke cikin duhu. A duba gindin gora ko bokiti, za a ga lamba cikin ƴar alama mai kusurwa uku, tsarin da aka fito da shi a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce PET, gorar ruwa da ta lemo, sai wajen digiri 250 take narkewa. Lamba 2 irin ta jarka ce, wajen 130. Lamba 4 ita ce leda mai laushi, har da ta piya wata, wajen 110. Lamba 5 ta buhu da igiya da tabarmar roba, wajen 165. Da ganin tazarar lambobin nan an san dalilin da ya sa ba a gwamutsa su a zubi ɗaya: kafin ta 1 ta motsa, ta 4 ta daɗe da narkewa har ta fara ƙauri, kuma ko sun narke tare ba sa kama juna, abin ya kan ɓare bayan ya huce. Idan babu lamba, a yanki ɗan ƙarami a jefa a kofin ruwa. Na 2 da 4 da 5 suna yawo a sama, PET da PLA da PVC suna nutsewa.

PVC ɗin nan, mai lamba 3, a kansa nake son a tsaya. Shi ne bututun ruwa, shi ne rufin wayar lantarki, shi ne zaren sukubidu mai sheƙi da ƴan lakwal ke kitsa maƙalan makulli da shi, kuma wasu daga cikin zaren saƙar kujeru masu taushi da santsi shi ne. A cikinsa akwai kulorin. Idan ya sha zafi sai ya saki wata iska da ke komawa asid da zarar ta taɓa danshin ido da maƙogwaro da huhu, idan kuma ya ƙone ya kan haifar da dafin da ake ce wa dayoksin. Ko ƙarfen oben ɗin ma tsatsa yake sa shi. Hanyar gane shi mai sauƙi ce, masu ilimin haɗa sinadarai sun daɗe da saninta. A samu wayar jan ƙarfe, a kankare rufinta tas, a riƙe ta da awartaki a harshen wutar gaz har ta yi ja, a dangwala ta a jikin zaren ta ɗebo ɗan kaɗan, a mayar da ita cikin wutar. In harshen ya koma kore shar, akwai kulorin. A yi gwajin a tsakar gida, da ɗan mitsitsi. Zaren da ya ba da kore ba ya shiga oben, ba a hura masa iska mai zafi, ba a goge shi. A ɗaure shi, a ɗinke, ko a sa gam. Ina ganin masu saƙa na ƙona bakinsa kullum fuskarsu a kansa, abin na damuna ƙwarai, don tarin da suke yi da yamma ba duka ne na ƙura ba.

To, oben. Aiki biyu ake yi da shi, kuma sun yi hannun riga da juna. Mu da muka kasa bambance su ne muka yi asara.

Na farkon gashi ne ba narkarwa ba. Idan aka riƙe PLA a zafin da ya wuce na laushinsa amma bai kai na narkewa ba, wajen digiri 90 zuwa 110, sarƙoƙin nan da suka cuɗe sai su samu sararin jeruwa gefe da gefe, su kama juna. Bayan ya huce sai ya zama kamar wata roba daban: zafin da ke lanƙwasa shi a da ba ya ƙara yi masa komai. Masu tukwane sun san irin wannan, ɗanyar tukunya da gasasshiya duk yumɓu ne, amma ɗaya ce ke riƙe ruwa. Alamar da ido ke gani ita ce zare mai haske kamar gilashi ya kan yi hazo-hazo bayan gashi.

Wahalar ita ce, kafin ya kai ga tauri sai ya ratsa ta laushi, a wannan tsakanin kuwa nauyin kansa ma ya isa ya karkatar da shi. Dole a tallafe shi. Abu mai faɗi kamar ɗan kunne, a shimfiɗa shi tsakanin takardar gashin gato biyu, a sa shi tsakanin falle biyu masu santsi na karo, irin na daɓen ɗaki, nauyin na sama ya hana shi motsi. Abu mai ciki da lungu kuma, a binne shi a yashi. Yashi dai ba mu rasa shi ba. A tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, a shanya ko a gasa shi shi kaɗai tukuna ya bushe ƙarau, don jiƙaƙƙen yashi tururi yake yi, PLA kuwa ba ya shiri da danshi mai zafi. A zuba kaurin yatsa biyu a gwangwani ko tiren ƙarfe, a jera kayan ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe su da wani yashin, a bubbuga gefen gwangwanin ya cika kowane lungu. Yashin na yin aiki biyu: yana riƙe siffar, yana kuma tare zafin da ke tasowa kwatsam. Sai dai yana jinkirin ɗaukar zafi, don haka ba daga lokacin da aka kunna oben ake fara lissafi ba, daga lokacin da tsakiyar yashin ta kai zafin da ake so ne. Daga nan a ba shi minti 45 zuwa awa ɗaya, a kashe, a bar ƙofa a rufe har ya huce don kansa. Wanda ya ciro da zafi ya kai gaban fanka, zai ga abin ya murɗe. An ce mai haƙuri kan dafa dutse, a nan yashi ake dafawa, haƙurin dai ɗaya ne.

Kada a yarda da lambar da ke jikin maɓallin oben. Ƙaramin oben na lantarki kunnawa yake yi yana kashewa, zafinsa na hawa da sauka da digiri goma ko ashirin, kuma sandunan da ke yin ja a sama da ƙasa sun fi iskar ciki zafi nesa ba kusa ba. Abin da ke kusa da su zai narke ko da maɓallin na kan 100. A sayi ma'aunin zafi na oben, mai tsinke ya fi, a soka shi cikin yashin. Oben ɗin gaz kuwa, mafi ƙanƙantar wutarsa galibi ta wuce abin da gashin PLA ke buƙata, ga harshen wuta a buɗe, abin da ya cinye mana kaya ke nan. Tanderun masu burodi ba ma a maganarsa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kamar yadda ya kan faru da bazara, kada a buɗe ƙofa, yashin na riƙe zafi, in ta dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

A kuma sani gashi na rage girman abu kaɗan, wani gefen ya tsuke wani ya ɗan kumbura. A ɗan kunne ba a lura, amma hudar da zobe zai shiga ta kan matse, murfi kuma ya ƙi hawa kan akwatinsa. Gara a bar huda sai bayan gashi, a yi ta da allurar da aka ɗumama.

Aiki na biyu shi ne narkarwa gaba ɗaya. Duk mai alƙalamin nan na tara guntaye da ɓatattun zane. Ana yayyanka su da almakashi, a zuba a abin zubi na silikon irin na masu gato, a sa a digiri 180 zuwa 200 kamar minti 20, su narke su haɗe, launuka su shiga juna kamar zanen atamfa. Tulin na sauka idan ya narke, sai a ƙara wani a mayar. Silikon da takardar gashi suna jure wajen 220, kada a wuce nan. Jarida ba ta maye gurbin takardar gashi, tawadarta na mannewa, ita kanta tana iya kamawa. Idan abin ya fito da ƙananan kumfa a ciki, yawanci danshi ne. Da hunturu ba mu da wannan damuwa, iska a bushe take, amma daga Yuni zuwa Satumba zaren da aka bari a buɗe na shan raɓa, har a ji yana ƙara tas-tas a bakin alƙalami. Maganinsa a busar da shi awa huɗu ko fiye a digiri 45 zuwa 50, a riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi. Bakin abin da aka zuba kan yi kaifi, sai a gurza da samfefa a cikin ruwa. A busasshe, zafin gurzar kaɗai ya isa ya sa robar ta yi danƙo ta toshe samfefar.

Wata magana da ba na sassautawa a kanta: oben ɗin da roba ta shiga ya bar abinci har abada. Ko PLA da ake cewa daga masara yake, ba a san irin rini da sauran abubuwan da aka zuba masa a masana'anta ba, tururinsa na kwanciya a bangon oben, ɗigonsa na maƙalewa a lungun da soso ba ya kai wa. A nemi tsohon ƙaramin oben wajen masu kayan gwanjo, a rubuta "na roba" da fenti a jikinsa don kada wata rana wani ya ɗumama wa yara abinci a ciki. A kafa shi a rumfa ko tsakar gida, ba a ɗakin kwana ba, mai aiki ya ba iska baya. Haka su faranti da abin zubi da cokali. Kuma kwanon da aka yi da zaren alƙalami na ajiye makulli ne ko ƴan kunne, ba na cin dabino ko shan fura ba, don tsakanin zare da zare akwai ƴan ramuka da wanki ba ya fitar da dauɗarsu.

Sauran kayan zafin, wanda na fi so a cikinsu shi ne mafi arha: ruwan zafi. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka hura masa, saboda haka ba zai taɓa narka PLA ko ƙona shi ba, laushi kawai zai sa shi. Awarwaro a shimfiɗe ake zana shi, a tsoma a ruwan da ya fara tururi bai tafasa ba, a ƙirga goma zuwa ashirin, a ciro da cokali mai yatsu, a naɗa a jikin kwalba, a riƙe, a tsoma a ruwan randa. Ya zauna ke nan. In bai yi ba a mayar. Da a ce ruwan buta muka sa wa ƴan kunnen nan a ranar, da mun miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. A lura da jeri kawai: lanƙwasa tukuna, gashi daga baya, don abin da aka gasa ba ya ƙara jin ruwan zafi.

Na'urar hura iska mai zafi, mai kama da ta busar da gashi, ita ce ke share ƴan siraran gashin robar da alƙalami ke bari, ta kuma sa fuskar abu ta yi sheƙi. Kamanninsu kawai ɗaya. Ta gashin kai ɗumi take yi, wannan kuwa ƙaramin zafinta kan kai 300, babban ya haura 500, wato ta wuce ƙofa ukun nan duka. Abin da ke hana ta ɓarna nisa ne da motsi. A riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga aikin, hannu na kai da komo ba tsayawa, ido na kan robar. Da zarar an ga fuskar ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai, a janye. Daƙiƙa ɗaya bayan wannan, siraran wurare sun faɗa. A ɗora aikin kan karo ko siminti, ba kan tabarmar roba ba, kuma bakin na'urar na daɗewa da zafi bayan an kashe. Tana cin wuta sosai, wat 1500 zuwa 2000, ƙaramin sola na gida ba ya ɗaukarta. Ga ƙananan kaya, irin wadda masu gyaran salula ke amfani da ita ta fi dacewa, don ana saita zafinta da ƙarfin iskarta, bakinta kuma tsukakke ne.

Ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo shi ke haɗa yanki da yanki. A haɗa bakunan biyu, a ɗora guntun zare irin nasu a kan tsagar, a bi da kan ƙarfen, kamar yadda ake bin dalma. Wanda ba a saita zafinsa kan wuce 350, yana sa PLA ya yi ruwan ƙasa ya yi hayaƙi, don haka mai maɓalli ya fi, a ajiye shi wajen 200. Dutsen guga na lantarki kuwa ɗigon da ke jikinsa ma'auni ne: ɗaya wajen 110, biyu 150, uku 200. Da shi ake haɗa leda falle shida ko takwas tsakanin takardar gashi ta zama kamar fata, a yanka a yi gindin jaka. Tun 2014 akwai dokar hana ledar nan a Nijar, amma kowa na ganinta a kan itatuwa da cikin lambatu, duk wadda ta koma jaka an rage. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, sai an gwada a kan tarkace kowane lokaci.

Ga masu igiya da zaren kujera da ba PVC ba, wuƙa mai zafi ta fi ashana. Tsohuwar wuƙa a cikin garwashin murhun shayi, a yanka da ita, ta yanke ta kuma liƙe bakuna biyu lokaci guda, ba baƙin hayaƙi a jikin farin zare, ba ɗigon wuta a kan ƙafa.

Gorar ruwa tana da wani hali na ban sha'awa da ya kamata masu sana'a su ci moriyarsa. A masana'anta ƴar bututu ce mai kauri, aka ɗumama ta aka hura har ta buɗe ta zama gora, aka sanyaya ta tana a miƙe. Sarƙoƙinta a ɗame suke, suna jiran zafi su koma. Idan aka kafa reza a katako aka zare gorar ta zama dogon zare mai faɗin rabin santimita zuwa ɗaya, aka naɗe ƙotar da ta tsage ko mahaɗar ƙafar kujera da shi, aka bi da iska mai zafi, sai zaren ya tsuke ya shaƙe wurin fiye da yadda hannu zai iya ɗaurewa. Shi ma yana da iyaka. In aka daɗe a wuri ɗaya sai ya yi fari kamar madara, farin nan kuwa alamar ya yi gautsi ne, zai karye maimakon ya riƙe.

Ƙunar roba ta fi ta ruwan zafi muni, don tana manne wa fata ta ci gaba da ci. Idan ta faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a ɓamɓare robar da ta kama fata, kada a shafa man goge haƙori ko gishiri ko ɗanyen ƙwai kamar yadda aka saba. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, ko a hannun yaro, a tafi likita. Safar hannu ta fata ko ta auduga mai kauri ake sawa, ta roba narkewa take yi a hannu. Ruwan asiton da wasu ke sa wa ABS don santsi yana kama wuta daga nesa, kada ya zauna wuri ɗaya da oben ko garwashi, kuma ba ya yi wa PLA wannan aikin. Takunkumin tsumma na tare ƙura ne kawai, tururin roba ratsa shi yake yi.

Wani abu da muka gano da hannunmu shi ne ba kowane PLA ke karɓar gashi daidai ba. Wani kamfanin nasa na taurara da kyau, wani kuma ko an gasa sai a hankali, har launi da launi ma akan ga bambanci. Saboda haka ɗiyar yayar tawa ta fito da nata gwajin. Duk sabon naɗin zare da ta saya, sai ta zana ƴan sanduna biyu masu tsawon yatsa, ta gasa ɗaya a yashi ta bar ɗaya, ta ba ni in ɗora su a gaban mota, rabin kowanne a kan kwalin ashana rabi a iska, daga hantsi zuwa la'asar. Ɗanyen kullum mukan tarar ya sunkuyar da kai. Gasasshen in ya tsaya a miƙe, ta rubuta launin da zafin da mintocin a bayan littafinta na lakwal, ta yi kayan sayarwa da wannan naɗin. In shi ma ya sunkuya, naɗin ya koma na adon ɗaki. A makon jiya shuɗi da fari sun tsaya, ja ya faɗi, ta ce za ta ƙara masa digiri goma ta sake ba ni ranar Asabar.